Wace salula zan saya da za ta riƙa zuba hotuna da lambobi cikin kwamfuta ba tare da igiya ba?

Magatakardan Albasa, Tawa:

Assalamu alaikum. Masu sanin waya, ku taimaka mini da shawara kafin in kai kuɗina kasuwa.

Ni ke riƙe wa kawuna lissafin albasa. Muna saye a Galmi da Tsarnawa da wajen Tamaske, mu yi lodi zuwa Kumasi da Abijan, wani lokaci Kwatano. Duk wata takarda ta hannuna take bi: takardar lodi, rasit ɗin Nita ko Amana in mai saye ya turo kuɗi, hoton buhuna kafin a ja tamfol, lambar mota, lasin direba. Wasu ni ke ɗauka da salula, wasu direbobi ke turo mini ta WhatsApp daga hanya. Da dare in na koma shago sai in kwashe su cikin kwamfuta, in shigar da adadi a Excel. Kawu ba ya karɓar “ga shi nan cikin waya”. In gardama ta tashi kan buhu nawa anka loda, sai an buɗe masa hoton a babban gilashi, ya sa tabarau, ya bi jeri-jeri da yatsa yana ƙirgawa.

Igiya ce ta gajishe ni. Bakin cajin wayata ya saki saboda yawan cusawa da cirewa, ga ƙurar Tawa da ba ta barin rami. Yanzu in zan kwashe hoto sai na lanƙwaso igiyar ta bayan wayar, na danne da littafin lissafi, kuma kowa a shagon ya san ba a jingina da teburin. Yaro ya ajiye kofin shayi da ƙarfi, kwafin ya tsaya a tsakiya, a koma farko. Igiyoyin bakin tasha kuma da yawansu caji kaɗai suke yi, kwamfuta ba ta ma san an haɗa mata wani abu ba.

Tunda dole in canza waya kafin a fara cirar albasa, ina son wadda in na shigo shago na ajiye ta, hotunan ranar su shiga kwamfuta da kansu, ko dai da dannawa ɗaya. Ina kuma son lambobin mutane su zama iri ɗaya a waya da kwamfuta, don dillalai da direbobi kullum cikin canza layi suke, mutum ɗaya sai ka same shi da lambar Nijar da ta Gana da ta Kodebuwa. Abin da ba na so shi ne wanda zai riƙa shan mega. A watan Maris da Afrilu hotuna da bidiyon lodi suna yawa ƙwarai, ba zan iya tura su duka ta intanet in sake sauke su ta intanet ba, alhali wayar da kwamfutar suna kan tebur guda.

Kwamfutar ta tebur ce, okaziyo, a Yamai munka saye ta, Windows 10 ke kanta. Kuɗin da na ware jika 100, in ta matsa 120. Ɗan kawu yana ta cewa in nemi iPhone okaziyo, wai ita komai da kanta take yi. Ni ban damu da wasa ko hoton fuska ba. Batir mai daɗewa, kyamara mai karanta rubutun biro, da wannan haɗin. Wace za ku ce?

Ibro Ɗalibi, Tawa:

Wa alaikumus salam Yaya. Samsung za ka saya ka huta. A cikin Windows 10 da 11 akwai manhajar Microsoft da ake kira Mobile connecté, a wayar kuma abokiyarta Lien avec Windows. Samsung da yawa da ita suke zuwa, ba sai ka sauke ba. Kana haɗa su sau ɗaya da hoton lambar QR, shi ke nan. Hotunan wayarka za ka gan su a kwamfuta, ka ja wanda kake so da linzami, ka amsa SMS da madannin kwamfuta, har kira kana iya ɗagawa in akwai Bluetooth. Mu nan jami'ar Djibo Hamani da ita muke kwashe hoton allo bayan darasi. Da jika 120 za ka samu ɗaya daga jerin Galaxy A.

Mai Gyara, Katako, Yamai:

Malam Magatakarda, ka riƙe kuɗinka tukuna. Kafin a yi maganar waya, je ka duba kwamfutar. Ka ce ta tebur ce okaziyo. Irin waɗannan da ake kawowa daga ofisoshin Turai an yi su ne don a cusa musu kebul ɗin ofis ta baya, kuma sau da yawa babu Wi-Fi babu Bluetooth a cikinsu. Ko ka sayi wayar miliyan, in kwamfutar ba ta da abin jin ta, igiya za ka koma. Ka danna alamar rezo a ƙasa ta hannun dama kusa da agogo. In ka ga jerin sunayen Wi-Fi, alhamdulillahi. In ba ka gani ba, ɗan kile na Wi-Fi za ka saya, wanda ake cusawa a ramin USB a bar shi nan. Bai kai girman ɗan yatsa ba, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na waya ba. Ka kuma shiga Paramètres, Système, À propos de, ka gaya mana 64 bit ce ko 32.

Sai abu na biyu, wanda mutane ke ruɗewa a kai kullum a rumfata. Suna ɗauka Wi-Fi da intanet abu guda ne. Wi-Fi hanya ce kawai tsakanin na'urori biyu da ke kusa da juna. Kana kunna Wi-Fi ɗin da waya ke bayarwa, wato Point d'accès a wayarka, kwamfuta ta kama shi, to sun haɗu kenan, kuma duk abin da ya wuce tsakaninsu kai tsaye bai taɓa eriyar kamfanin waya ba, bai ci mega ko ɗaya ba. Wayoyi da yawa ma suna barin ka kashe data gaba ɗaya ka bar Point d'accès a kunne. Wannan shi ne abin da kake nema.

Kada kuma wani ya ce maka Bluetooth ya isa. Saurinsa na tura fayil bai wuce megabit 2 zuwa 3 a daƙiƙa ba, giga 1 sai ya ci maka wajen awa guda ko fiye. Don rasit ɗaya ko biyu babu laifi. Don bidiyon lodi, kamar ka ce za ka kwashe rudu guda da jaki ne alhali tirela na tsaye a bakin gona. Wi-Fi zai yi wannan gigan cikin ƴan mintoci.

Manhajar da nake saka wa ƴan kasuwa irinku ita ce LocalSend. Kyauta ce, babu talla, ba ta neman asusu, ba ta neman intanet. Ka saka ta a waya, ka saka ta a kwamfuta, in suna kan Wi-Fi guda sai su ga juna da suna. Ka zaɓi hotunan ranar, ka danna sunan kwamfutar, su sauka a jakar da ka ware. Tana aiki a Android da iPhone da Windows da Mac da Linux, saboda haka ba ta ɗaure ka da kamfani ɗaya ba. Akwai kuma Quick Share, wadda Google da Samsung suka haɗe a farkon 2024, a da Nearby Share ake ce wa ta Google ɗin. Tana cikin kusan kowace Android mai Play Store, kuma tana da manhajar Windows, amma sai 64 bit, kuma sai kwamfutar na da Bluetooth don da shi suke gano juna. Xender da kowa ya sani ita ma tana haɗuwa da kwamfuta, sai dai talla.

Abin da Ibro ya faɗa gaskiya ne, ban musa ba. Amma Mobile connecté tana son asusun Microsoft, tana son intanet, kuma nuna maka hotunan take yi, ba ajiye su take a kwamfuta ba sai ka kwafa da hannunka. Ranar da wayar ta faɗa rijiya, abin da ba ka kwafa ba ya tafi. Lien avec Windows ɗin ma tana Play Store, wanda ba shi da Samsung zai iya saukewa. Ga ɗalibi mai Wi-Fi ɗin makaranta ta yi. Ga mai sayen forfe da kuɗin aljihunsa, da sauran magana.

iPhone kuma ka manta. “Komai da kanta” ɗin da ɗan kawunka ke faɗa tsakaninta da Mac ne. AirDrop ba ya aiki da Windows. Da Windows, in kana son ta yi da kanta, sai ka bi ta iCloud, wato ta intanet, kuma giga 5 suke ba ka kyauta. Hotunanta irin fayil ɗin HEIC ne in ba ka canza saiti ba, wata Windows 10 ɗin ba za ta buɗe su ba sai an ƙara mata wani abu. Wadda jika 120 za ta saya maka kuma tsohuwa ce da batirinta ya gaji, ga haɗarin a sayar maka da mai kulle da asusun tsohon mai ita.

To wace waya? Ni ba na cewa alama kaza. Tecno, Infinix, Samsung, Redmi, duk za su yi, in dai ka duba abubuwan nan a gaban mai sayarwa. Ta kasance da Play Store na gaske, don sababbin Huawei tun takunkumin Amurka na 2019 ba sa zuwa da kayan Google. Kada ta zama Android Go, wadda ake saka wa ƙananan wayoyi masu ƙaramin RAM. RAM ɗin giga 4 na ainihi ko sama. In ka ga an rubuta 4+4 a kwali, huɗu ne, sauran aro ne daga ma'ajiya. Ma'ajiya giga 128. Ka shiga saitin Point d'accès ka ga ko akwai zaɓin 5 GHz, don ya fi 2.4 sauri nesa ba kusa ba, kuma wasu masu araha ba su da shi. Bakin caji USB-C, ya fi tsohon micro jure wahala. Ka danna *#06# ka gwada lambar IMEI da ta jikin kwali. Kyamara kuma kada adadin megapixel ya ruɗe ka. Ka tafi da rasit ɗaya mai rubutun biro mara ƙarfi, ka ɗauka a cikin inuwar rumfa, ka buɗa hoton da yatsu biyu. In ka bambance 1 da 7, ta yi.

Magatakardan Albasa, Tawa:

Allah ya saka da alheri, Mai Gyara. Na duba yanzu. Babu jerin Wi-Fi ko ɗaya, hoton duniya ne kawai a wurin. Amma 64 bit ce. Kenan kile ne farko.

Tambaya ɗaya: LocalSend ɗin sai na zaɓa na tura kowane dare? A lokacin lodi sai mu kai sha ɗaya na dare a Tsarnawa, in na dawo ba kowane lokaci hankalina ke kai ga zaɓen hoto ba. Babu wadda ke yi da kanta? Sannan ba ka taɓo maganar lambobi ba, kuma ita ta fi ci mini rai. Ibro, na gode, ka gaida malamai.

Maman Nana, Yantala:

Ƙanena, bari in amsa maka ta lambobi, don lissafi nake yi a wani ofis, kuma duk sanda wani ya ɓatar da waya teburina yake zuwa.

Lambobi ba sa bukatar wata dabara. Asusun Google ne. In kana ajiye sabon suna, waya tana tambaya ina za a sa shi: SIM, waya, ko adireshin Gmail. Ka zaɓi Gmail, ka kuma mayar da shi zaɓin dindindin. Waɗanda ke cikin SIM ka kwaso su duka. SIM wajen suna 250 yake ɗauka, kowane suna da lamba ɗaya, kuma yana guntule dogon suna. Shi ya sa kake ganin Alhaji Gana 1, Alhaji Gana 2, Alhaji Gana sabo. A Google mutum ɗaya zai ɗauki lambobinsa uku a ƙarƙashin suna ɗaya, har ka rubuta lambar motarsa a wurin bayani. Ka riƙa sa lambar ƙasa a gaba: +227 tamu, +233 Gana, +225 Kodebuwa, +229 Benin. A kwamfuta sai ka buɗe shafin Google Contacts, duk gyaran da ka yi can zai bayyana a waya, na waya ma ya bayyana can. Wannan yana bukatar intanet, amma rubutu ne zalla, megan da yake ci ba ka ma ganinsa. Daga nan kuma kana iya fitar da su a fayil ɗin CSV ka buɗe da Excel ɗinka.

Inda nake son ka tsaya shi ne asusun kansa. Wa ya buɗe shi? Mutanenmu sai su sayi waya, mai shago ya buɗe musu Gmail cikin minti biyu don Play Store ya yi aiki, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a ka, wani lokaci ma da lambar wayarsa shi. Shekara biyu mutum yana tara lambobi a asusun da bai san mabuɗinsa ba. Ranar canza waya sai ido ya raina fata. Mafi muni, in aka goge wayar Android ba a cire asusun ba, tana tashi za ta nemi wannan tsohon asusun, in babu kalmar sirri ta zauna a kulle. Don haka tun tsohuwar wayar tana numfashi, ka tabbata ka san kalmar sirrin, lambar da Google zai tura wa saƙo taka ce, kuma layi ne da ba za ka bari ya mutu ba. Ka rubuta a takarda ka ajiye inda kawu ke ajiye takardun fili.

Hotuna kuma kada ka bar Google Photos ta riƙa ɗora su da data. Giga 15 ne kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ke rabonsu. Tun 1 ga Yunin 2021 aka daina ajiyar hoto mara iyaka, ajiyar WhatsApp ta Android ma yanzu cikin waɗannan giga 15 ɗin ake lissafa ta. In suka cika, saƙon Gmail ma ba zai shigo ba.

Sai gargaɗi, tunda ka ce kana son mai yi da kanta. Duk abin da ke daidaita waya da kwamfuta, gogewa ma yana daidaitawa. Waya ta cika, ka ba yaro ya rage hotuna, da dare su haɗu, kwamfuta ita ma ta goge. Na ga an yi kuka a kan wannan. Lambobi da sauƙi, Google yana barin ka dawo da abin da aka goge cikin kwana 30. Hoton da ke tsakanin wayarka da kwamfutarka kawai, babu mai dawo maka da shi in ba ka shirya ba. Ni in ni ce kai, hakuri zan yi da dannawar kowane dare.

Direbobin kuma ka ce musu takarda mai muhimmanci su turo ta a matsayin Document, ba hoto ba. WhatsApp yana matse hoto, ƙananan lambobi su dusashe.

Baba Mai Ritaya, Madawa:

Ɗana, ni tsoho ne a wannan harka, amma bari in sa baki. Lokacin da muke aiki, Nokia ce a hannun kowa, kuma akwai wani faifai da ke zuwa cikin kwali, Nokia PC Suite. Munka saka shi a kwamfutar buro, waya ta riƙa haɗuwa da Outlook ta Bluetooth, sunaye da ranakun taro duka. Kafin nan ma da infrared ake yi, sai ka jera wayar daidai da idon kwamfuta, kada kowa ya gitta. Muna ganin an gama duniya. A 2014 Microsoft ta saye sashen wayoyin Nokia, manhajar ta zama tarihi, waɗanda sunka bar ajiyarsu cikin irin fayil ɗinta sunka rasa abin buɗewa. Waɗanda sunka tsira su ne masu fitar da sunaye a vCard ko CSV, don waɗannan kowace na'ura tana karantawa har gobe.

Saboda haka ina bayan mai gyara: kada ka zaɓi waya don manhajar kamfaninta. Hotonka ya sauka a jaka, da sunansa da ranarsa, yadda ko babu manhajar za ka buɗe. Ina kuma bayan ɗiyata ta Yantala. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama kaka, ka buga jerin lambobin a takarda. Ranar da babu kuran babu caji, mota ta lalace bayan Dogon Dutsi, takardar za ka nema. Ka gaida kawunka, ka ce ina jiran buhuna na bana.

Mai Gyara, Katako, Yamai:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Har yanzu akan kawo mini irin wayoyin nan a ce in ciro sunaye.

Malam, mai yi da kanta akwai, Syncthing sunanta. Ita ma kyauta ce, kai tsaye take aiki tsakanin na'urorin biyu, ba ta ajiye komai a wurin wani kamfani. Masu ita sun daina fitar da tasu ta Android a ƙarshen 2024, yanzu Syncthing-Fork ake sakawa a waya. Kana nuna mata jaka, ka ce wannan ta zama daidai da waccan ta kwamfuta, duk sanda suka haɗu a Wi-Fi guda sai ta tura abin da ya ƙaru kaɗai. Jaka biyu za ka nuna mata: DCIM, inda kyamara ke ajiyewa, da ta WhatsApp, wadda daga Android 11 ta koma cikin Android, media, com.whatsapp.

Tsoron Hajiya Maman Nana na kan hanya, amma yana da magani. A waya ka sa jakar ta zama mai turawa kawai, a kwamfuta mai karɓa kawai. Wannan bai hana gogewa bi ba, ka lura. Abin da ke hanawa shi ne ka kunna ajiyar tsofaffin fayil a ɓangaren kwamfuta, yadda duk abin da aka goge a waya zai koma wata ɓoyayyiyar jaka maimakon ya ɓace. Duk da haka ƙarshen kowane mako ka kwashe hotunan zuwa wata jaka dabam da Syncthing ba ta sani ba, ka sa mata suna da wata da shekara. Inda zan saɓa da Hajiya shi ne, mutumin da ya dawo sha ɗaya na dare a gajiye zai tsallake dare ɗaya, ya tsallake biyu, kuma waya ba ta ɓacewa sai a irin wannan makon.

Abu uku ne ke hana ta aiki, kusan duk wanda ya dawo mini ɗaya daga ciki ne. Wayoyin Android suna kashe manhajar da ba a buɗe ba don tattalin batir, saboda haka ka shiga saitin batir ka cire mata takunkumi. Sannan in wayar ce ke ba da Point d'accès, manhajar tana ɗauka ba a kan Wi-Fi take ba, sai ta ƙi tashi, sai ka gyara sharuɗɗan tashinta ko ka tashe ta da hannu. Na uku, karon farko Windows zai tambaye ka ko ka yarda ta wuce ta katangar tsaro, ka ce e, ka kuma sa haɗin a Réseau privé.

Wani abu da zai cinye maka forfe cikin dare ɗaya: kwamfutar da ta daɗe ba ta ga intanet ba, tana kama Point d'accès mai data za ta fara sauke sabuntawa. Ka shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ka kunna Connexion limitée, mai sa Windows tattalin mega, tun minti na farko. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, amma Chrome da Office da sauransu ba su daina sauke nasu ba.

In kana da tsohon akwatin Wi-Fi ko ƙaramin modem da ba a amfani da shi, ya fi Point d'accès. Ko babu SIM a ciki, ka kunna shi a shago, waya da kwamfuta su kama. Wayar za ta ce wannan Wi-Fi ba shi da intanet, ka ce ta zauna a kai. Kana shigowa ƙofa za ta kama da kanta, aiki ya fara tana cikin aljihu. Point d'accès yana zafafa waya, ga zafin Afrilu na Tawa da ke haura digiri 40, in ka haɗa da caji batir ba ya daɗewa yake kumbura.

Magatakardan Albasa, Tawa:

Yaya Maman Nana, na bi maganarki. Nawa asusun lafiya lau. Na kawu ne babu wanda ya san kalmar sirrinsa, kuma lambobin manyan masu saye duk can suke. Na fitar da su a vCard na tura wa kaina, gobe mu buɗe masa sabo da lambarsa. Baba, ya ce buhunka na nan, amma sai ka zo da kanka.

Akwai tsohon modem cikin durowa, na kunna shi ya kawo wuta. Zan fara da LocalSend a wannan wayar tun kafin in sayi sabuwa, in hannuna ya saba sai in nemi Ibro ya zo mu saka Syncthing tare. Mai Gyara, kilen wane iri zan ce a sayo mini? Akwai mai zuwa Yamai ranar Laraba.

Mai Gyara, Katako, Yamai:

Ka ce mai 2.4 da 5 GHz duka, za a ga an rubuta AC600 ko sama a kwalin. Wanda aka rubuta N150 ko N300 na 2.4 ne kaɗai. Amma ka fara juya modem ɗin ka karanta bayansa, in shi ma 2.4 ne kawai, mai arahar ya ishe ka, hoto zai wuce lafiya, bidiyo ne zai ɗan jira. Ɗan aiken ya sa a gwada kilen a kwamfutar mai shago kafin ya biya, kuma a kwafa masa direban kilen, wato manhajar da ke sa shi aiki, a USB, don kwamfutarka ba ta da intanet ɗin da za ta sauke da kanta. Ka cusa shi a ramin gaba, ba na baya da ke manne da bango ba.